Bin Sawun 'Yan Dada: Daga Kano zuwa Zurik, Hannover da Barlin

Ɗan yayata da ke karatun injiniya a Zurik, ƙasar Suwizalan, ne ya aiko mini da takardar gayyata. Shi a tunaninsa zan zo in ga tsaunuka da dusar ƙanƙara in ɗauki hoto. Ni kuwa abin da ke raina wani tsohon gida ne mai suna Cabaret Voltaire a wani lungu na birnin, inda a 1916 wasu matasa masu gudun Yaƙin Duniya na Ɗaya suka hau dandamali suna ihu da kalmomin da ba su da ma'ana, suka ce wannan ma fasaha ce, suka raɗa mata suna Dada. Na daɗe ina koyar da labarinsu ga ɗaliban zane, kuma duk daga hotunan littafi.

Biza a Abuja na nema. Kuɗinta yuro 90, ban da ladan masu karɓar takardu da inshorar lafiya da bayanan asusun banki. Suwizalan ba ta cikin Tarayyar Turai, amma tana cikin yankin Schengen, don haka biza ɗaya ta ishe ni har Jamus. Daga Kano muka bi mota ta Zariya da Kaduna, shingen jami'an tsaro bayan shinge, na kwana Abuja, washegari da dare jirgi ya ɗaga zuwa Istanbul, daga can na canza wani zuwa Zurik.

Jami'in da ya karɓi fasfona ya juya shi gaba da baya, ya tambayi wa zan sauka wurinsa, yaushe zan koma, nawa ke hannuna. Da ya zo kan dalilin zuwa na ce ziyarar ɗan'uwa, sannan ina so in ga Cabaret Voltaire. Ya ɗago kai ya dube ni da babbar rigata da hula, ya yi murmushi, ya buga hatimi.

Daga filin jirgi zuwa tsakiyar gari minti goma da 'yan kai ne a jirgin ƙasa. Watan Fabrairu ne, sanyin kuwa ba irin na hunturu ba ne mai busar da fata, wannan jiƙa ƙashi yake yi. A ɗakin yaron na sauka, ya bar mini gado ya shimfiɗa katifa a ƙasa, domin otal a Zurik ba na malamin makaranta ba ne. Kuɗinsu faran ne, kuma faran ɗaya ya fi dalar Amurka. Kofin gahawa faran 5. Gurasa da naman Turkawa, wanda shi ne halal mafi sauƙin samu a wajen titin Langstrasse, ya haura faran 12. Tikitin hawa taragon cikin gari na yini guda kusan faran 9. Ruwa ne kaɗai kyauta, don birnin na da famfunan sha fiye da 1,200 a kan tituna, sai ka tara gora ka cika. Kiran salla ba ka jin sa, masallatan galibi cikin gidaje da tsofaffin ma'aikatu suke, kuma tun 2009 'yan ƙasar suka kaɗa ƙuri'ar hana gina sabuwar hasumiya.

Da safe muka tsallaka kogin Limmat muka shiga tsohon gari, unguwar Niederdorf. Lungun sunansa Spiegelgasse, matsattse ne, shimfiɗe da duwatsu, yana hawa tudu. Gida mai lamba 1 shi ne wurin. Yanzu akwai wurin shan abin sha, da ɗakin ƙasa da ake baje kolin ayyukan masu fasaha na yau, da ƙaramin ɗakin karatu, sai zauren tarihin kansa. Ƙanƙantarsa ce ta fara ba ni mamaki. Mutum hamsin sun cika shi maƙil.

A lokacin, gidan mashaya ce ta wani tsohon matuƙin jirgin ruwa ɗan Holan mai suna Jan Ephraim. Hugo Ball, Bajamushe marubuci, da Emmy Hennings, mawaƙiya, su ne suka roƙe shi aron ɗakin baya, suka ce za su jawo masa masu sayen giya da tsiran nama. Ranar 5 ga Fabrairu 1916 suka buɗe. Tristan Tzara da Marcel Janco, 'yan Rumaniya, suka shigo, da Hans Arp ɗan yankin Alsace, daga baya Richard Huelsenbeck ya iso daga Barlin da gangarsa. Tzara bai cika shekara ashirin ba a ranar. Abin da suke yi kowane dare ya haɗa da kiɗan fiyano, rawa da fuskokin kwali da Janco ya ƙera, kukan dabbobi, da zagin 'yan kallo. A watan Maris mutum uku suka tsaya suka karanta waƙa ɗaya lokaci guda, wannan da Jamusanci, wancan da Faransanci, na uku da Ingilishi, ga usur ga ƙararrawa, ba mai jin wani.

Wata matashiya da ke aiki a wurin ta nuna mana hoton da ya fi kowane shahara: Ball a tsaye cikin tufafin kwali. Ƙafafunsa cikin bututun kwali shuɗi har ƙugu, a wuyansa wata ƙatuwar kwala, ja ta ciki, ruwan zinare ta waje, a kansa doguwar hula mai ratsin fari da shuɗi. Ko tafiya ba ya iyawa, ɗaukar sa aka yi aka ajiye a dandamali. A watan Yuni na 1916 ne. Cikin abin da ya karanta akwai: "jolifanto bambla o falli bambla." Babu harshen da wannan yake a cikinsa.

Yaron ya kasa haƙuri. Cikin Hausa, don kada yarinyar ta ji, ya ce, "Kawu, don Allah saboda wannan ka biya kuɗin jirgi? Ai wannan iskanci ne kawai."

Na ce masa ya lissafa, tunda shi mai lissafi ne. Kwana goma sha shida bayan buɗe wannan ɗaki aka fara yaƙin Verdun, aka yi wata goma ana ɓarin wuta, mutum wajen 300,000 suka mutu, kuma iyakar ba ta gusa wani abin kirki ba. Ranar 1 ga Yuli, a bakin kogin Somme, sojan Ingila kusan 20,000 suka mutu a yini ɗaya. Waɗanda suka tsara wannan duk masu digiri ne, masu taswira da jadawalin jirgin ƙasa. Masana kimiyya ne suka haɗa iskar guba, farfesoshi suka sa hannu a takardun goyon baya, mawaƙa suka yi wa mutuwa kirari, jaridu suka buga da kyakkyawan nahawu. Ball kansa ya nemi shiga soja a 1914 aka ƙi ɗaukar sa, ya tafi Beljiyam da kansa ya ga abin da ake yi, ya dawo ya tsallake zuwa Suwizalan, ƙasar da ta ce ba ruwanta da yaƙin. Hujjarsa ita ce 'yan jarida da 'yan siyasa sun ƙazantar da kalmomi har ba sa wankuwa, don haka gara a koma ga sautin tsura. Na ce, "To ɗana, tsakanin mai rigar kwali da janar ɗin da ya aika mutum dubu ashirin lahira kafin magariba, wa ya kamata a ɗaure?"

Ya ce, "Na ji, Kawu. Amma rigar kwalin ba ta tsayar da harsashi ko ɗaya ba."

Wannan gaskiya ne, ban musa ba.

Akwai wani abu da Ball ya rubuta a littafin ajiyar bayanansa game da wannan daren da ya sa na tuna gida. Ya ce yana cikin karantawa sai ya rasa yadda zai ƙarasa, sai ya ji muryarsa da kanta ta ɗauki karin limaman coci, irin wanda ya saba ji yana yaro, har aka sauke shi jiƙe da gumi. Duk wanda ya taɓa tsayawa a kasuwa ko gidan biki ya kalli ɗan kama ya san wannan dabara. Ya naɗa rawani, ya riƙe guntun takarda ko allo, ya gyara murya kamar mai jan baƙi, ɗan'uwansa na gefe yana amsawa kamar mai fassara, amma idan ka saurara tuwo ne da miya da ƙashin nama ake wa tafsiri. Kari na gaske, abin cikin na wasa. Bambancin shi ne ɗan kama yana so ka yi dariya ka sa hannu a aljihu, kuma shi da malamin da yake kwaikwaya za su haɗu a sahu ɗaya da la'asar. Jama'a sun ba shi wannan izini, sun san iyakarsa. 'Yan Dada ba su nemi izini ba, ba su so a tafa musu, burinsu ɗan kallo ya fusata ya miƙe tsaye ya mayar da zagi. Kuma ɗan kama ya bar ma'ana a cikin maganarsa, ya dai juya ta. Su kuwa ma'anar ce suka kama suka jefar ta taga.

Wata biyar kacal wurin ya yi yana aiki. Ball ma bai daɗe ba ya janye jiki, ya koma kudancin ƙasar, ya rungumi addininsa na Katolika, ya rasu a 1927.

Muka fito muka hau tudun lungun, taku kaɗan sai ga gida mai lamba 14 da allo a bango: nan Lenin, jagoran juyin juya halin Rasha, ya zauna daga Fabrairu 1916 zuwa Afrilu 1917, ɗan haya a gidan wani mai gyaran takalma. Hans Richter, ɗaya daga cikin 'yan Dada, ya rubuta cewa hukumomin ƙasar sun fi sa musu ido a kan waɗannan Rashawa masu shiru da yawan karatu. Masu ihun aka tsare wa ido, mai shirun ya hau jirgin ƙasa ya je ya kifar da daula.

Ranar Laraba muka je gidan kayan fasaha na Kunsthaus, domin ranar ce ba a biyan kuɗin ganin kayan da ke ajiye dindindin. Suna da tarin takardun Dada masu yawa: mujallu, wasiƙu, takardun gayyata. A nan raina ya ɗan ɓaci, ba da kowa ba, da yadda zamani ke yi. Takardun da aka buga da arha don a raba a mashaya a tattake, ga su kwance cikin akwatin gilashi, haske a rage don kada su koɗe, mai gadi na zagayawa da waya a kunne. Mutanen da suka ce a rushe gidajen adana fasaha, gidajen sun haɗiye su. Sophie Taeuber, wadda ke koyar da saƙa da zane a makarantar sana'a ta birnin, ana cewa sai ta rufe fuska take rawa a taron Dada don kada ta rasa aikinta. Daga 1995 hotonta ne a kan takardar faran 50 ta ƙasar, har aka canza kuɗin. Shi kansa gidan na Spiegelgasse saura ƙiris a mayar da shi gidajen haya masu tsada, sai da wasu matasa masu fasaha suka mamaye shi a 2002, aka sake buɗe shi a 2004, da tallafin hukumar birni da kamfanin agogo na Swatch. Haka Marcel Duchamp, mai fasaha Bafaranshe, wanda a 1917 a New York ya sayi kaskon fitsari na shago ya sa masa hannu da sunan ƙarya ya aika wurin baje koli. Na asalin ya ɓace, amma kwafinsa yau dukiya ce.

Abin da ya fi tsaya mini a rai a Zurik shi ne gidan Rietberg, can cikin wani lambu, inda ake ajiye kayan fasahar Afirka da Asiya. Wani ɓangare na kayan Afirkan daga tarin Han Coray ya fito, mutumin da a shagonsa aka yi baje kolin Dada na farko a Janairu 1917, aka jera zanensu kusa da sassaƙen Afirka. Su 'yan Dada sun ɗauki Afirka a matsayin maganin ciwon Turai. Tzara yana kwafo waƙoƙin Afirka da na tsibiran Fasifik daga mujallun masu binciken al'adu, waɗanda 'yan mishan suka tattara, yana karantawa a dandamali. Huelsenbeck kuwa ƙirƙiro nasa yake yi, ya buga ganga ya rufe kowace da "umba umba", har Jan Ephraim mai mashayar, wanda ya yi yawon teku, ya gaya masa cewa waɗannan ba waƙoƙin baƙar fata ba ne. Ina son mutanen nan, amma a nan sun yi abin da duk Turawan zamaninsu ke yi. Fuskar da aka sassaƙa da ƙa'ida, mai suna, mai ranar fitowa, mai wanda ya cancanci sa ta, su a wurinsu alamar rashin ƙa'ida ce. Harshen da ba su ji ba suka ɗauka surutu ne.

Kuma Afirkan da suke mafarki a matsayin wurin da yaƙin bai taɓa ba, tana cikin yaƙin tsundum. A watan da aka buɗe Cabaret Voltaire, ranar 18 ga Fabrairu 1916, sansanin Jamus na ƙarshe a Kamaru ya miƙa wuya a kan dutsen Mora, kusa da iyakar Borno, bayan ƙawanya ta shekara ɗaya da rabi. Masu hawan dutsen da masu tsaronsa akasari baƙaƙe ne, da Hausawa a cikinsu, hafsoshin ne Turawa. Kafin shekarar ta ƙare an kwashi sojan Nijeriya a jirgin ruwa zuwa Gabashin Afirka don ci gaba da wannan yaƙin. Da na gaya wa yaron wannan, shi ne karo na farko da ya yi shiru.

Daga Zurik na hau jirgin ƙasa ni kaɗai zuwa Hannover, tafiyar kamar awa shida ta Basel da Frankfurt. Da muka shiga ƙasar Jamus 'yan sanda suka hau, suka bi taragon suna duba fuskoki, suka tsaya a kaina da kan wasu samari biyu Larabawa. Fasfo, biza, tikitin komawa. Cikin ladabi suka yi, suka ce a sauka lafiya, amma na lura tsohuwar da ke kusa da ni ba a tambaye ta komai ba. Ita ce daga baya ta miƙo mini rabin tuffarta.

Hannover saboda mutum ɗaya na je, Kurt Schwitters. 'Yan Dada na Barlin ba su karɓe shi ba, sun ce ya cika kama da ɗan gidan mutunci, sai ya kafa tasa shi kaɗai ya kira ta Merz, daga guntun sunan wani banki da ya yanko a talla. Yawo yake a titi yana tsintar tsohon tikitin mota, marfin kwalba, igiya, ɓallen katako, yana mannawa yana bugawa da ƙusa. Daga wajen 1923 ya fara gini a cikin gidan iyayensa, ginshiƙi a kan ginshiƙi, kogo cikin kogo, kowane kogo da abin da ya ɗauko daga wani aboki, har abin ya ci ɗaki bayan ɗaki. A 1937 ya gudu Nowe saboda 'yan Nazi, daga can Ingila, bama-baman 1943 suka ƙone gidan, shi kuma ya rasu a 1948. A gidan kayan fasaha na Sprengel, bakin tafkin Maschsee, an sake gina ɗaki guda daga hotuna uku da aka ɗauka a 1933. Ana shiga ciki. Fari fat, kusurwoyi na fitowa ta sama ta ƙasa, ba bango ɗaya miƙaƙƙe. Wannan ne wurin da na fi jin daɗi a duk tafiyar, don a nan babu ihu, sai haƙurin mutum ɗaya da ya ga ƙasarsa ta farfashe ya durƙusa yana tsintar ɓaraguzan. Na kwana a wani ƙaramin masauki kusa da tasha, yuro 60 har da karin kumallo, burodi da cuku da dafaffen ƙwai.

Barlin ba ta kai awa biyu daga can ba. Wani Bahaushe ɗan Damagaram, direban motar kai kaya, wanda aka haɗa mu ta waya, shi ya tarye ni ya sauke ni a gidansa a unguwar Wedding. Maiɗakinsa ta yi tuwon shinkafa miyar kuka, na ci har na ji kunya. Shekarunsa da yawa a birnin amma bai taɓa shiga gidan kayan fasaha ba. Ranar hutunsa ya raka ni Berlinische Galerie, "don kada ka ɓata, Malam."

Dada ta Barlin ba ta wasa ba ce irin ta Zurik. Huelsenbeck ya dawo da ita a 1917 cikin birnin da ke fama da yunwa, sannan aka sha kashi a yaƙi, sarki ya gudu, ana harbe-harbe a titi, guragun sojoji na bara. Makaminsu almakashi da gam. Hannah Höch da Raoul Hausmann da John Heartfield suna yanka hotunan jaridu, su ɗora kan minista a jikin 'yar rawa, su dasa wa janar ƙafar inji. Shi Heartfield sunansa na yanka Helmut Herzfeld, ya mayar da shi na Ingilishi ana tsakiyar yaƙi don ya ƙuntata wa masu ƙin Ingila. Mun daɗe a gaban ayyukan Höch, mace ɗaya tilo a cikinsu, wadda mazan suka so hana ta shiga babban baje kolinsu na 1920.

Hoton wannan baje kolin ne ya kama mai masaukina. A rufin ɗakin an rataye mutum-mutumi sanye da kakin hafsan soja, da kan alade. Ya matsa kusa, ya ja da baya, ya ce, "Malam, soja fa? A ina waɗannan suka kwana ranar?"

Na ce a gidajensu. An dai kai su kotu a 1921 bisa laifin cin mutuncin soja, aka ci mai zane George Grosz tarar maki 300, kuɗin Jamus na lokacin, mai buga littattafansu Wieland Herzfelde maki 600.

Ya girgiza kai ya ce, "Tara kawai? Lallai sun samu gwamnati mai sanyi."

Sanyin bai daɗe ba. A 1933 Grosz ya tafi Amurka, Heartfield ya tsere zuwa Prague da ƙyar. A 1937 'yan Nazi suka shirya baje koli a Munich na abin da suka kira gurɓatacciyar fasaha, suka ware wa Dada bango guda don jama'a su zo su yi dariya, har suka kwafe taken nan na 1920 da ke cewa a ɗauki Dada da gaske. Sama da mutum miliyan biyu suka shiga kallo. Höch ba ta gudu ba. Ta sayi wani ɗan gida a Heiligensee, can gefen birni inda ba wanda ya san ta, ta ɓoye ayyukanta da na abokanta har yaƙin ya ƙare. Yawancin abin da muka gani a ranar ta hannunta ya tsira.

Mai masaukina ya ƙi karɓar ko sisi, sai ma ya haɗa ni da saƙon turare da takalma zuwa ga mahaifiyarsa, wanda zan ba wani direban Damagaram a Kano. Daga Barlin na tashi, ta Istanbul kuma. A Abuja jami'in kwastan ya buɗe jakata ya ci karo da ƙunshin tsofaffin tikitin tarago da rasit da takardun alewa da na tara tun daga Hannover. Ya ce, "Alhaji, wannan fa?" Na ce kayan aiki ne. Ya dube su, ya dube ni, ya ja zif ɗin ya ce in wuce.